Sandunan da Aka Rataye a Bangon Sito

Baba Inci bai taɓa yarda da tsawon mutum ba sai ya auna shi da hannunsa. Ko ka zo da takardar likita, ko ka rantse masa ka san tsawonka tun kana saurayi, sai ya zare tef ɗin awo daga wuyansa ya ce ka jingina da bango. Daga hammata zuwa ƙasa, a rage yatsu uku. Daga hammata zuwa tafin hannu. Sannan ya ja ka da hira har ka manta ana auna ka, don a cewarsa gaban likita kowa miƙewa yake yi kamar soja, in ya koma gida kuma ya rankwafa yadda ya saba. Kuskure ne babba ka ce masa ai bambancin inci ɗaya ne kawai. Ranar za ka sha wa'azin da ba ka shirya masa ba. Daga nan sunan ya bi shi, har ya kai ga matarsa ma in ta fusata da shi take kiransa.

Kafinta ne, amma ya daɗe da sallama gado da kujera. Sandunan guragu yake yi, irin waɗanda ake sawa a hammata a dogara. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titin da ke gangarawa asibiti, cike da ƙamshin katako da warin gam. A lungu akwai tarin tsofaffin tayoyi, daga cikinsu yake yanko robar da yake sa wa ƙasan sanda. Wannan robar kuwa karanta ta yake yi kamar wasiƙa. In ka kawo sandarka gyara, zai juya ta ƙafa sama, ya shafa robar da babban yatsa, ya gaya maka wace ƙafa ce ke damunka, ko kai mai gaggawa ne, ko kwanan nan ka rage fita. Ya taɓa gaya wa wani tsoho cewa ya koma zuwa inda likita ya hana shi zuwa, tsohon ya karɓi sandarsa ya fita yana gunaguni, bai musa ba.

Duk wannan tsantseni a kan awo yana da tushe, tushen kuwa Yaya ce. Ta girme shi da shekara goma. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama, uwarsu kuma ta rasu shi yana rarrafe, don haka ita ta goya shi, da wani guntun icce a hannu tana dogarawa. Da ya koyi sana'a, abin da ya fara yi da hannunsa shi ne sanduna guda biyu, ya kai mata yana washe baki. Sun yi mata tsawo da inci ɗaya. Ba ta gaya masa ba. Shekara guda cur ta yi tana tafiya da su kafaɗa a ɗage, tana nuna wa kowa aikin ƙaninta, sai da maigidan da ya koya masa sana'a ya gan ta a hanya ya dawo ya ja masa kunne. Aka rage sandunan, amma kafaɗar dama ba ta ƙara saukowa daidai ba. Halin Yaya ke nan. Ta gwammace ta sha wuya a ɓoye da ta ga wani nata ya ji kunya.

Ba ta yi aure ba, kuma ba ta bari a tausaya mata a kai. Ɗinki take yi da keken hannu, a wata rumfa kusa da kasuwa. Ɗakinta yana wani gidan haya mai ɗakuna takwas, layi uku daga shagon ƙaninta. Kowace safiya, kafin ya gama share dusar katako, zai ji ta tun daga kan kwana: ƙwas, ƙwas, sannan jan ƙafa a kan siminti. Ta tsaya a ƙofa ta leƙo.

"Auta, ka karya kuwa?"

"Na karya, Yaya."

"Ƙarya kake. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama."

Yana da shekara sittin da 'ya'ya biyar, amma a wurinta Auta ne, kuma bai taɓa cin abincin da ya ishe ta ba.

Majami'arsu tsohuwa ce, ƙarama, fankokinta suna kuka fiye da yadda suke ba da iska. Shi ke gyara bencina, ita kuma tana cikin mawaƙan mata, tana buga ƙasan sandarta a ƙasa don riƙe musu kiɗa in mai ganga ya ɓata. Baba Inci ba mutum ne mai yawan magana a kan bangaskiya ba. In aka sa shi addu'a a taro, kafin mutane su gama rufe ido ya ce amin. Amma ba ya sa zarto a katako sai ya ambaci wanda zai yi wa sandar a gaban Ubangiji, kuma yana jin daɗi a ransa, ba tare da ya faɗa wa kowa ba, cewa Yesu ma ya san nauyin guduma. Ya gaskata Allah yana warkarwa. Shekara hamsin yana roƙo a kan ƙafar Yaya, bai fasa ba, bai kuma yi fushi ba.

Sai aka buɗe sito.

Wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ne a bayan tasha, aka shafe shi da farin fenti, aka jera lasifika a kan rufi. Mai wurin dogo ne mai taushin murya, kullum cikin farin kwat, mabiyansa suna ce masa Bawan Allah. Cikin 'yan watanni ba a maganar komai a unguwa sai sito. Mai shayi da sito, mai aski da sito, matan layi in sun haɗu a bakin famfo da sito. Wanda bai je ba ana yi masa kallon wanda ya ƙi zuwa gaisuwar mara lafiya. Bencinan tsohuwar majami'a suka fara hutawa, har Baba Inci ya rasa abin gyarawa.

A cikin kwanakin nan ne wani mutum ya shigo shagon da rana tsaka, fes da shi, turarensa ya riga shi sallama. Ya ce sanduna yake so, na mutum goma sha biyu.

"Ina mutanen?" in ji Baba Inci, hannunsa ya riga ya kai kan tef.

"Ai Baba, kyauta za a raba wa mabukata. Ka yi su kawai, dogo da gajere. Kowa zai ɗauki wadda ta yi masa."

"Sanda ba hula ba ce."

Mutumin ya yi dariya, ya ce shi ya sa aka turo shi nan, an ce duk garin ba mai hannunsa. Sannan ya ƙara da cewa kada a sa musu ƙyalli, a ɗan shafa baƙin mai a mariƙin, don talakawa suna jin nauyin riƙe abu sabo fil a cikin jama'a.

Wani zargi ya ɗarsu a ran Baba Inci a lokacin. Ya ji shi sarai, ba zai taɓa cewa bai ji ba. Shekara arba'in yana hulɗa da guragu, bai taɓa ganin wanda ya ji kunyar sabuwar sanda ba. Amma an yabi hannunsa, an ce sadaka ce, shagon kuma shiru. Ya ce a ransa, wane ne shi da zai tsaya yana tuhumar mai son yin alheri? Ya yanka katako ba tare da ya ambaci kowa a addu'a ba, don ba shi da wanda zai ambata. Ya shafa baƙin man da hannunsa, ya murza har mariƙin ya yi kamar ya sha gumin shekaru. Ya iya aikinsa, sun fito kamar gaske. Mai turaren ya zo da mota ya kwashe.

Bayan wata biyu, wata safiyar Litinin, ya share shago, ya jera kayan aiki, ya tsaya da tsintsiya a hannu yana jira. Mota ta wuce, mai tura ruwa ya wuce. Ba ƙwas, ba jan ƙafa. Tun da ya buɗe shagon nan, sau biyu kawai hakan ta taɓa faruwa, duka biyun zazzaɓi ne. Ya rufe ƙofa ya nufi gida tukuna, don ya lura tun jiya matarsa ba ta yarda su haɗa ido.

"Baban yara, kada ka yi faɗa," ta ce tun kafin ya tambaya. "Ni na kai Yaya sito. Allah ya sani don alheri na yi. Kuma ta taka! Da idona na gani, taku uku ta yi ba sanda, jama'a suna ta ihu."

"Bayan taku ukun fa?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Aka riƙe ta. An ce warkarwar ta riga ta sauka, jikin ne bai gama ji ba."

"Sandunan fa?"

"An karɓa."

Ya tarar da Yaya zaune a kan tabarma, ta jingina da gado, ƙafar nan a miƙe yadda take tun yana yaro. Matan gidan uku suna kewaye da ita suna waƙa. Fuskarta tana haske, irin hasken da bai taɓa gani a kanta ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Da ya ce zai je ya yanko mata wasu sandunan kafin yamma, matan suka yi tsit kamar ya yi ashar.

"A'a, Auta," ta ce a hankali. "An gaya mana, wanda ya koma wa sanda ya mayar wa Allah kyautarsa. Kwana kaɗan ne. Ka bar ni in jira."

Kwana kaɗan ya zama mako uku. Rumfar ɗinki tana rufe. Yaya, wadda ba ta taɓa yarda a ɗauko mata ko kofin ruwa ba, ta koma jan jiki zuwa bayi, tana jira sai tsakar gida ta yi shiru don kada a gani. Gwiwarta mai lafiya ta fara kumbura. Hotonta kuwa yana manne a bangon tasha, hannu sama, baki buɗe, an rubuta a ƙasa cewa bayan shekara sittin da shida ta tashi.

Ranar Laraba da la'asar ya tafi sito, karo na farko. Ba kowa sai masu shara. Yana shiga idonsa ya sauka a bangon da ke bayan mumbari, inda aka rataye sanduna a jere tun daga wannan kusurwa zuwa waccan, shaidar waɗanda aka ce sun warke. Bai buƙaci ya matsa kusa ba. Mutum ba ya ɓata aikin hannunsa. Ga su nan, na mutum goma sha biyu, mariƙinsu baƙi ƙirin da man da ya shafa. Da yake an rataye su sama, ƙasansu yana daidai idonsa, robar kowace ɗaya sabuwa dal, har sawun wuƙarsa yana nan a gefe. Ba wadda ta yi tafiyar da ta wuce daga ƙofar baya zuwa mumbari. A tsakiyarsu kuma ga wasu biyu, gajeru, soson hammatarsu ya lotse, an naɗe mariƙin da ƙyallen atamfa, robar ta hagu ta cinye ta gefen waje har katako ya kusa leƙowa. Tun watan jiya yake cewa zai canza mata ita.

Ya zauna a kan wata kujerar roba. Nan mai turaren ya same shi, da fara'arsa kamar sun rabu jiya. Baba Inci ya ce ba rigima ta kawo shi ba, sandunan yayarsa kawai yake so.

"Haba Baba, abin da aka rataye ai ya zama shaida. Ba a sauke shaida." Ya rage murya. "Kuma kai ma ka san ba kowace magana ce take da daɗin fitowa ba. Sunanka yana da kyau a garin nan."

Daga nan ya wuce gidan Fasto, tsohon da ya ɗaura masa aure. Faston ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce shi ma ya daɗe ransa bai kwanta da wurin ba, amma rabin ikilisiyarsa suna can, in ya buɗe baki za a ce hassada ce. Ya ce a yi haƙuri, a yi addu'a, Allah zai bayyana gaskiya a lokacinsa.

"Fasto, ai ya bayyana ta," in ji Baba Inci. "Ni ya nuna wa. Da ma wani ya nuna wa, da na fi kowa murna."

A gida ma bai samu sauƙi ba. Matarsa ta yi kuka, ta ce ya tuna 'yarsu ta uku, iyayen saurayinta manya ne a sito. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ba a taɓa shafaffen Allah. In kuma da gaske ne fa? In kai ne ba ka gani ba?" Wannan tambayar ta fi sauran cizo, don shi ma ya yi wa kansa ita. Kwana uku yana juya ta a kan bencin aiki. Ba ya so a wayi gari ya zama mutumin da ya tsaya a ƙofar alherin Allah da tef a wuya. Amma duk ta inda ya juya, abu ɗaya yake dawo masa: shi ya shafa man nan. Bai san abin da Allah yake yi a sito ba, ko wanda ba ya yi. Abin da ya sani shi ne Ubangijin da yake bi bai taɓa buƙatar a shafa wa aikinsa baƙin mai ba.

Ranar Lahadi da safe ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya saɓa tsani a kafaɗa. Masu tsaron ƙofa suka buɗe masa hanya, sun ɗauka gyara aka kira shi. Wa zai hana kafinta da tsani? Ya ratsa tsakiyar jama'a ana cikin waƙa, ya jingina tsanin a bango, ya hau a hankali yadda gwiwoyinsa suka yarda. Sai da ya sauke sandunan Yaya ya rungume su, kiɗan ya fara yankewa. Ya juyo. Bai taɓa ganin fuskoki da yawa haka suna kallonsa ba, da yawansu kuma ya san su, ya auna iyayensu.

"Jama'a, ku gafarce ni," ya ce. "Waɗannan biyun na yayata ne, tana gida ba ta iya tashi. Waɗannan kuma, daga nan zuwa nan, ni na yi su. Ban auna hammatar kowa ba. Ni na shafa musu mai don su yi kamar tsofaffi. Na yi zunubi. Ku zo ku dubi robarsu, ba wanda ya taɓa tafiya da su."

Ya ɗauka za a zo a duba. Wautarsa ke nan, wautar mai sana'a, yana zaton kowa zai gaskata roba. Ba wanda ya ɗaga ido ya kalli bangon. Wata mata ta fasa ihu, wasu samari suka kama tsanin suna jijjigawa, ya sauko da ƙyar, gwiwar hannunsa ta goge da bango. Sai mai farin kwat ya ɗaga hannu, wuri ya yi shiru.

"Kada kowa ya taɓa shi," ya ce da muryar nan mai taushi. "Baba ne, tsufa ne da ruhun shakka. Ku miƙa hannu ku yi masa addu'a."

Haka ya fita, ta tsakiyar ɗaruruwan hannaye a miƙe, ana roƙon Allah ya sake shi. Da duka suka yi masa da ya fi sauƙi. Tsanin ma a can ya bar shi.

Ya biya shago tukuna. Ya cire tsohuwar robar, ya yanko sabuwa mai kauri daga taya mafi kyau, ya kafa, ya gwada a ƙasa. Ƙwas, ƙwas. Sannan ya nufi gidan hayar. Labari ya riga shi isa. Yaya tana zaune inda ya bar ta, hasken nan ya tafi daga fuskarta.

"Da gaske kai ka yi su?" ta ce, ko gaisuwa babu.

"Ni ne, Yaya."

Ta dubi hannayenta. "Ka san ban je da niyyar tashi ba. Don kada matarka ta ji ba daɗi na bi ta. Ina zaune ina kallo, ina cewa a raina wasan yara ne. Sai wani mutum ya fito da sanduna, ya jefar, ya yi tsalle. Suka faɗo kusa da ni. Na duba, na ga hannunka ne." Ta ɗago ta dube shi. "Na ce in dai Auta ne ya yi wa mutumin nan sanda, to gurgun gaske ne, don Auta ba ya yi wa mai ƙafa sanda. Shi ya sa na miƙe."

Ya durƙusa a bakin tabarma, tsoho da furfura, yana kuka kamar ranar da aka ja masa kunne a kan inci ɗaya. Ba ta dafa kansa ba.

"Ɗauke su ka fita da su," ta ce. "Gari duka ya ga hotona. In na fito da su, ko dai na yi ƙarya a gaban Allah, ko na mayar masa da kyautarsa. Wanne kake so a ce?"

"A ce ƙaninki ne ya cuce ki."

"Wannan kuma ba zan bari a ce ba."

Bai ɗauke su ba. Ya jingina su a bayan ƙofa ya fita. Washegari da ya dawo, ya tarar an lulluɓe su da tsohon zane.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Maganar auren 'yarsa ta mutu ba tare da kowa ya ce ta mutu ba. Mai shayi ya daina yi masa wasa. Wasu suka riƙa tsallaka titi da marasa lafiyarsu zuwa wurin wani mai walda, wanda sandunansa duk tsawonsu ɗaya. Mutum biyu ko uku sun dawo tsohuwar majami'a a hankali, suka zauna a bencin baya, ba su ce don me ba. Sito kuwa ya ci gaba da cika, an ma ƙara lasifika. Duk wannan bai dame shi kamar shirun safiya ba. Kullum sai ya tsaya da tsintsiya a hannu, ya san ba za ta zo ba, amma kunnensa bai sani ba.

Kowace rana kafin ya buɗe shago yana zuwa ya gaishe ta. Tana amsawa. An dawo mata da keken ɗinkinta ɗaki, tana aiki a kan tabarma, matarsa tana kai mata abinci tana yi mata wanki, tana kuka a hanyar dawowa. Matan gidan suna leƙowa su tambaya ko jikin ya fara ji, ta ce ana nan ana jira. Sau uku a mako suna kulle ɗakunansu su tafi sito, gidan ya zama ba kowa sai ita. Sandunan suna bayan ƙofa a ƙarƙashin zanensu, kullum a wuri ɗaya. Yakan saci kallonsu, bai taɓa samun ƙarfin halin ɗaga zanen ba. Ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Ba ta kuma ƙara tambayarsa ko ya karya ba.

Wata goma sha huɗu aka yi a haka. Sai tari ya kama ta, ya sauka ƙirji, cikin mako guda ta tafi, da hantsi, matarsa tana riƙe da hannunta. Shi yana shago yana auna wani direba da ya karye a cinya. Tsohon Fasto ne ya yi jana'izar. Mawaƙan mata suka yi waƙa, mai ganga ya ɓata kiɗa a baiti na biyu, ba wanda ya mayar da shi hanya.

Bayan kwana uku shi da matarsa suka je kwashe ɗakin. Ta naɗe tabarma, ta ɗaure kayan ɗinki. Shi ya tsaya a bayan ƙofa ya daɗe, sannan ya janye zanen. Ba ƙura a jikinsu. Ya ɗauki ta hagu, hannunsa ya juya ta ƙafa sama da kansa, yadda ya saba yi wa sandar kowa, babban yatsansa ya sauka a kan robar.

Ta cinye. Robar nan mai kauri da ya yanka ranar Lahadin tsani ta suɗe ta gefen waje, daidai inda ta Yaya take suɗewa tun duniya tana kwance. Ya duba ta dama, ita ma haka. Ya dubi ƙasa. Inda aka ɗauke tabarma, daga bakin gado zuwa taga, simintin yana da ɗigo-ɗigon baƙi a layi biyu, sun yi yawa har sun haɗe. Taku shida ne tsawon ɗakin. Ya san yawan tafiyar da take cinye roba irin wannan, ba wanda ya fi shi sani. Ta kai yawan tafiyar zuwa rumfa da dawowa, da majami'a ranar Lahadi, da biyawa ta ƙofar shagonsa kowace safiya, har na tsawon shekara.

"Baban yara, mene ne?" in ji matarsa. "Me ka gani?"

"Ta yi tafiya."

"Tafiya? Ina ta je?"

"Ba ko'ina," ya ce. "Nan ciki."

Bai san ko ta yafe masa ba, robar ba ta faɗi wannan. Bai san ko tana jin tana saɓa wa Allah ne duk lokacin da ta ɗaga zanen, ko kuwa a cikin taku shidan nan ta sasanta da Shi. Ya kai tambayar gaban Ubangiji sau ba adadi, har yau yana jira, yadda ya jira a kan ƙafarta.

Yana nan a shagon, tef a wuya, hannu ya fara rawa amma awo bai kuskure ba. Sandunan suna tsaye a bayan ƙofarsa, ƙafarsu a ƙasa. Wani ya taɓa ba shi shawara ya kafa ƙusa ya rataye su don tunawa, kallon da ya yi masa ya sa mutumin bai ƙarasa maganar ba. Da safe, in ya gama shara, titi bai cika ba tukuna, wani lokaci yakan ji ta daga kan kwana: ƙwas, ƙwas, da jan ƙafa. Ba ya fita ya duba. Yakan tsaya da tsintsiya a hannu yana ƙirgawa, kullum a na shida sautin yake tsayawa, ya juya ya koma.